Shekarun Hajjo a Ƙarƙashin Mota

Cikin direbobin manyan motoci da suka yi zirga-zirga a titin Kano zuwa Gwarzo kafin shekarar dubu biyu, da wuya a samu wanda bai san gidan Haladu Makaho ba. Gidan ƙasa ne a fitar garin Kabo, da fili a gabansa wanda baƙin mai ya dafe ƙasarsa, da darbejiya guda biyu. Sunan Haladu ake kira, amma kowa ya san mai aikin matarsa ce, Hajjo.

Hajjo 'yar wajen Garo ce. Iyayenta Fulani ne da suka daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo, Fillancin ma sai ɗan abin da ba a rasa ba. A kasuwa Haladu ya ganta, ya bi ta har gida, ta ce tana so, aka ɗaura aure. Shi bakanike ne, ya yi shekara bakwai yana koyo a Kano kafin ya dawo ya buɗe gareji a ƙofar gidansa. Ba ya taɓa ƙananan motoci. Abu biyu aka san shi da su, iskar birki da ruwan inji. In tirela ta ƙi tara iska, ko roka, babbar motar kaya, ta kama zafi a hanya, sai a ce wa direba ya lallaɓa ya ƙarasa wajen Haladu. Har suka haifi 'ya'ya uku Hajjo ba ta taka filin nan sai in za ta unguwa. Iyakar abin da ta sani a sana'ar mijinta shi ne wuyar wankin kayansa.

Sai aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu, wanda mutane ke cewa ostariti. Sabulu da madara sai an bi layi, kayan gyaran mota kuwa suka ɓace gaba ɗaya. Tiyon lagireto, wato tankin sanyaya ruwan inji, wanda a da ake samu a kowane shago a Gwarzo, sai mutum ya wuni yana yawo a Kano ya dawo babu. Direbobi suka koma naɗe tsohon tiyo da roba, su ɗaure da waya, su ce Allah ya kai mu lafiya.

Wata Laraba da hantsi, a shekarar 1984, wata tifa ta tsaya a filin tana tururi. Haladu ya sa aka kashe inji, ya ce a jira ya huce. Ya jira, amma bai jira sosai ba, don direban sai duba agogo yake. Ya hau ya sunkuya a kan babban tiyon sama, wanda aka naɗe da roba har ya kumbura, ya kai yatsa ya ɗan latsa. Tiyon ya fashe masa a fuska.

Hajjo tana tankaɗe ta ji ihun. Ta fito ko mayafi babu, ta tarar maza sun kewaye shi kowa yana salati, shi kuma yana birgima a ƙasa ya rufe fuska da hannuwa. Ta koma ta ɗebo ruwan randa ta yi ta kwarara masa har aka samu motar da ta kai shi asibiti a Gwarzo, daga can aka wuce da shi Kano. Wata biyu ya yi. Fatar ta warke, ta yi dabbare-dabbare. Idanun ba su dawo ba.

Ranar da aka dawo da shi gidan ya cika da mata masu kuka. Hajjo ta shimfiɗa musu tabarmi, ta kawo ruwa, ta amsa jaje. Wasu suka ce dauriya ce irin ta Fulani, wasu suka ce taurin zuciya ne. Ita kuwa ba daurewa take ba. Ta nemi kukan ta rasa. Ta yi tsammanin zai zo in baƙi sun watse, suka watse bai zo ba, sai ta tashi ta ɗora tukunya.

Masu aiki a ƙarƙashin Haladu suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya suka koma wasu garejin. Dangi sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma shekarar fari ce, kowa ta kansa yake. Wani ɗan'uwansa ya kawo shawarar a riƙa kai shi bakin masallaci ranar Juma'a ya zauna, Musulmi ba za su ƙyale shi ba. Kwana biyu Haladu ya yi bai sa ko loma a baki ba.

Ana cikin haka wani direba mai suna Nata'ala, mutumin Unguwar Tudu, ya shigo filin da roka shaƙe da masara. Ya daɗe a Kudu, bai ji labari ba. Da ya ga fuskar Haladu sai ya tsugunna ya yi jaje, ya miƙe zai tafi.

“Me ya sami motar?” in ji Haladu.

“Iska ce ba ta taruwa, Malam. Amma bari kawai, zan lallaɓa.”

“Da wannan lodin? Kama hannuna ka kai ni.”

Nata'ala ya ja shi har gindin motar. Haladu ya kwanta ya shiga, yana laluben bututu da yatsu, kamar bai taɓa barin aikin ba. Ya ce a tayar da inji. Injin na tashi, ɗumin ya bugi fuskarsa kamar ranar da tiyon ya fashe. Ya rarrafo waje yana haki, ya jingina da taya, gumi na zuba. Can ya juya fuska wajen zaure.

“Hajjo, kina nan?”

Tana nan kuwa, tun shigowar motar take tsaye a bayan ƙyaure.

“Ina nan, Malam.”

“Kwaɓa sabulu a kwano ya yi kumfa ki kawo. Ki zo da tsumma.”

Ta kawo. Ta yi zaton miƙawa za ta yi ta koma, sai ya ce ta shiga. Nata'ala ya kawar da kai, ya tafi can gindin darbejiya ya ba su baya. Hajjo ta ɗaure zani tamau, ta yi ɗamara da mayafi, ta kwanta a kan buhu ta shiga. Haladu yana daga waje yana faɗa mata: ga wani ƙarfe mai kamar tukunya manne da inji, shi ne kwampireso, shi ke hura iska. Ta bi tiyon da ya fito daga kansa har zuwa tanki, duk mahaɗar da ta gani ta shafa kumfa.

“Nan yana tasowa, Malam. Kamar ƙwan kwaɗo.”

“Kusa da me?”

“Kusa da tukunyar. Tiyon ya tsage wajen ɗan yatsa.”

Ya sa aka kashe inji, aka sace iskar tanki, ya koya mata yadda ake riƙe sifana. Akwai saura a tsawon tiyon, ta yanke inda ya tsage ta mayar ta ɗaure. Ba ta gama ba sai la'asar, aikin da Haladu kan yi kafin a sha shayi. Allurar geji ta hau ta tsaya. Nata'ala ya yi godiya yana kallon ƙasa, ya ja mota.

Shi ya kai labarin tasha. Da farko dariya aka yi. Amma direban da motarsa ke zubar da ruwa a tsakiyar hanya ba ya tambayar hannun wa zai ɗaure masa, sannu a hankali motoci suka dawo filin. Haladu na zaune a benci, shi ke magana da maza, shi ke sauraren inji ya ce a duba kaza. Hajjo ba ta gaisawa da kowa fiye da sannu. Ta samu wani tsohon wandonsa tana sawa a ƙarƙashin zani. Cikin shekara biyu ta daina jiran ya faɗa mata. Ta san tiyon da ya yi laushi daga ciki ko da bayansa lafiya lau, ta san wanda ya bushe zai karye. A shekarun da babu sabo ta iya haɗa guntaye biyu da gutsuren bututun ƙarfe a tsakiya, ta iya tsoma tiyon da ya yi kaɗan a ruwan zafi har ya saki ya shiga. Abu biyu ne ba ta yi wa kowa, ko da zai kwanta yana roƙo: ba ta taɓa inji da zafi, kuma ba ta naɗe tiyon ruwa da roba.

Magana kam an yi ta. Matan unguwa suka rage shigowa. Biki in ta je sai a riƙa kallon farcenta, wanda ko lalle ba ya rufe baƙinsa, har ta daina zuwa sai gaisuwar mutuwa. Yayanta ya zo daga Garo ya yi faɗa, ya ce ta zubar musu da mutunci. Ta saurare shi har ya gama, ta zuba masa fura, ya sha ya tafi. Ba ta ji zafi ba. Ranar da wani attajiri mai motoci ya tsaya ya yaba mata a gaban jama'a, ya ce ta fi kanikawa goma, nan ma ba ta ji komai ba. Gari ya waye ta yi salla, ta dama koko, ta fita, ta dawo ta yi tuwo. A haka aka aurar da 'ya'yansu mata biyu. A haka ɗan farinta, Zainulabidin, ya gama sakandare a Gwarzo, ya zauna can yana koyarwa a wata Islamiyya, ya kuma buɗe ɗan shagon kayan masarufi.

Shekarar dubu biyu aka ƙaddamar da Shari'a a Kano. Gari ya ɗauki murna, ko'ina wa'azi, mata suka koma dogon hijabi. Hajjo ma ta ɗinka, tana naɗe shi a ƙugu in za ta shiga ƙarƙashin mota. Babu wanda ya zo ya hana ta aiki. Limamin unguwa ma da aka kai masa maganar cewa ya yi lalura ce, halak take nema, a ƙyale ta.

Zainulabidin yana cikin samarin da suka sa kai suna zagaya kasuwa suna yi wa mutane nasiha. Wata Alhamis bayan la'asar ya zo gida, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya gaida ta. Hajjo ba ta kiran sunansa, kunyar ɗan fari, ko doguwar hira ba su taɓa yi ba. Ta ga ya ƙi tashi, ya ƙi shan ruwan da ta ajiye masa.

“Inna, magana ce da ni, amma ina jin nauyi.”

“Ina ji.”

“Ban ce haramun kike yi ba. Wallahi ban ce ba. Amma jiya a kasuwar Gwarzo ina yi wa wata mai abinci magana ta gyara lulluɓinta, sai wani ya ɗaga murya ya ce in je in fito da babata daga ƙarƙashin mota tukuna. Kasuwa ta ɗauki dariya. Tun ina firamare ake faɗa mini irin wannan, ban taɓa gaya miki ba.” “Yanzu ina da abin yi. Zan iya riƙe ku ke da Baba. Ki huta, don Allah.”

Haladu ya buga sandarsa a ƙasa.

“Kai, da me aka yi maka rigar makaranta? Da me ka ci tuwo har ka yi gemu? Yau ita ce abin kunya?”

“Baba, ban ce haka ba.”

“To me ka ce?”

Yaron ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Hajjo ta dube shi. Ta san kamata ya yi ta ji wani abu, ko haushi ko tausayi, ko daɗin an ce ta huta. Ta duba zuciyarta ta tarar da ita shiru, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

“Akwai motar Nata'ala ranar Asabar,” in ji ta. “Na riga na amsa masa. In na gama ta, shi ke nan.”

“Hajjo!” in ji Haladu.

“Shi ke nan, Malam. Kai kuma sha ruwanka.”

Ranar Asabar Nata'ala ya iso tun da sassafe. Ya yi furfura, rokar nan an daɗe da sayar da ita, yanzu tirela yake ja ta wani Alhaji. Za shi doguwar tafiya, mai motar ya sayo tiyo sababbi fil a leda, na iska da na ruwa, ya ce a sauya duka. Hajjo ta jujjuya su a hannu. Ta daɗe ba ta ga saiti cikakke haka ba.

Ta sa aka yi wa tayoyi waigi da duwatsu, aka ɗaga kan motar. Ta zauna a gindin darbejiya tana tsince shinkafa har injin ya huce yadda za ta iya ɗora tafin hannu a kai ta bar shi. Sannan ta ja zoben da ke ƙasan kowane tanki, iska ta fita da ƙara, da ruwa mai tsatsa, har allura ta kwanta. Ta tara baho a ƙarƙashin lagireto ta kwance, ruwan ya zubo ja kamar na kududdufi.

Da na ruwa ta fara. Ta sassauta kilif, ta murɗa babban tiyon sama ya ƙi motsi, ya manne da wuyan ƙarfen. Ta tsaga shi da wuƙa a tsaye ta ɓare, ta kankare tsatsar wuyan har ya yi santsi. Ta shafa wa sabon ɗan sabulu a baki, ta tura shi ya wuce tudun wuyan, ta zaunar da kilif a bayan tudun ta ɗaure, ba har ya ci robar ba. Ta yi wa na ƙasa haka. Sai ƙananan nan biyu da ke kai ruwa kan kwampireso su dawo da shi, waɗanda kanikawa da yawa ke mantawa da su sai sun fashe. Suna wani lungu da hannun namiji ba ya shiga sosai. Ɗayan tana taɓa shi ya ruguje a hannunta.

“Ka gani?” ta ce wa Nata'ala, ta miƙo masa gutsuren. “Da bai kai ka Zariya ba.”

Azahar ta yi, ta wanke hannu da kananzir da toka, ta shiga ta yi salla, ta ba Haladu abinci, ta dawo. Tiyon da ya fito daga kan kwampireso shi ya fi ba ta wuya, zafi ya gasa notinsa. Ta jiƙa shi da mai, ta riƙe da sifana biyu, ta sa ƙafa ta tokare, ya saki da ƙara. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya har tanki, tana gwada kowane sabo da tsohonsa kafin ta ɗaura, tana ɗaure su nesa da salansa da duk inda ƙarfe zai goge su. Ta cika lagireto a hankali, ta bar murfin a buɗe, ta ce a tayar. Ruwan ya yi ɓul-ɓul ya sauka, ta ƙara. Ta bi mahaɗai da kumfa, babu inda ya taso. Allura ta hau ta tsaya, aka kashe inji aka jira, ba ta sauko ba.

Nata'ala ya tsugunna a gaban bencin Haladu. “Malam, da gaske ne abin da nake ji?”

“Tambaye ta.”

“Inna Hajjo, to mu ina za mu?”

“Akwai Tasi'u a Gwarzo, bayan tasha. Yana da hankali. Ka dai ce masa ya duba ƙananan nan biyu.”

Ta wanke sifanu ta jera a akwati, ta ja shi zuwa zaure. Bayan sati Tasi'un ya zo da kansa, Haladu ya ce ya ɗauki akwatin.

Zainulabidin ya cika alkawari. Duk wata sai ya zo da hatsi da mai da sabulu, bai taɓa fashi ba, ko lokacin da shagon ya ja baya. Motoci suka yi wata da watanni suna tsayawa, Haladu ya ce musu an daina, har suka daina tsayawa. Shi ya fi shiga damuwa. Ya ci gaba da fita benci kullum, babu mai zuwa, ya rame, ya yi ta faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Hajjo tana cikin gida. Ta kan gama aikin gida kafin hantsi, ta zauna a bakin ƙofar ɗaki hannuwa a cinya har inuwa ta juya. Matan unguwa suka dawo shigowa, suna ce mata barka da hutawa, tana cewa yauwa.

Haladu ya rasu bayan shekara uku, zazzaɓin kwana huɗu. Da ta fita takaba Zainulabidin ya ɗauke ta ya kai ta gidansa a Gwarzo, ya ba ta ɗaki mai siminti da fanka. Matarsa Bilki mutuniyar kirki ce, ba ta barin ta ko shara. Filin Kabo wani ya gina shaguna a kai.

Wata rana da safe, Zainulabidin ma ya fara furfura, 'ya'yansa sun tafi makaranta, ya shigo gaida ta ya zauna ya ƙi tashi.

“Inna, akwai abin da ya daɗe yana damuna. Maganar nan da na yi miki a Kabo. Baba har ya rasu bai sake sakin jiki da ni ba. Ke kuma ba ki taɓa cewa komai ba. In na zalunce ki, ki yafe mini.”

Hajjo so take ta ba shi amsa ta gaskiya, ta duba ko akwai wani abu da ta riƙe, ba ta samu ba.

“Ban riƙe ka da komai ba.”

“Amma kin so aikin?”

“Ban sani ba,” in ji ta. “Ban taɓa tsayawa na duba ba.”

Can ta ce masa maganin hawan jininta saura na kwana biyu, in ya fita ya biya kemis. Ya ce to, ya sa takalmi ya fita.